Gahawar Ummu Ayham

Kofunan suka sake kifewa tsakanin ƙarafan koyon tafiya, ruwa ya jiƙa wa Lujain siket.

"Na haƙura," ta ce. "Mai ƙafar roba ba ta kai wa suruka gahawa."

Sumayya, likitar gashin ƙashi a cibiyar da ke duba masu rauni kyauta a sansanin 'yan gudun hijira na Za'atari a Jordan, ta sake cika kofunan.

"Kya haƙura bayan Juma'a. Ɗauki."

Ranar Juma'a mahaifiyar Ayham za ta zo ganinta. A al'adarsu, yarinya ke shigo da tiren gahawa da kanta. In uwar saurayi ta sha, magana ta zauna, in ta bar kofin ya huce, shi ke nan. Ga shi Ummu Ayham ta fi son Nuhad, 'yar ƙanwarta, wadda ta karaɗe sansani da cewa gurguwa ba ta riƙe gida.

Ayham ya leƙo daga ɗakin haɗa ƙafafu. Shi ya haɗa mata wannan ƙafar bayan bam ya raba ta da tata a Dara'a ta Siriya, wajen awo kuwa bawan Allah ya baro zuciyarsa.

"Habibti, masoyiyata, ko kin zubar ni zan lashe tiren."

"Wa ya tambaye ka?" ta ce, tana ɓoye murmushi.

Ranar Juma'a ko ɗigo bai zuba ba. Lujain ta tsaya gaban Ummu Ayham, ta miƙa.

Matar ba ta karɓa ba.

Nuhad da ta rako ta ta gyara zama tana taunar cingam. Lujain ta ji zuciyarta ta karye, ƙwalla ta cika mata ido. Tana sunkuyar da kai ta hango hannun daman matar ƙarƙashin mayafi, yatsun a ƙanƙame, irin waɗanda take gani kullum a cibiya. Karɓa da hagu kuwa cin fuskar masu gida ne.

Durƙuso ne abin da ba ta gama koya ba, amma ta durƙusa. Ta ɗora kofin a tafin, ta rufe shi da hannayenta biyu.

"Tun yaushe, Umma?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Tun da rufi ya faɗo mana... Ayham ya yi magiya in je cibiya har ya gaji. Ni in shiga layin naƙasassu?"

"Layinmu akwai hira. Zan riƙe miki wuri kusa da ni."

Ummu Ayham ta kalle ta. Sannan suka ɗaga kofin tare, ta shanye tas.

"Sukari ya yi yawa, 'yata," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Ba komai, kya gyara a gidana."