Ginshiƙi Na Sha Bakwai

Da almuru Sha-Siminti ya koma wurin aiki don ya ɗauko cokalinsa na gini. Haka dai ya gaya wa matarsa. Cokalin kuwa yana cikin aljihunsa, yana sukan cinyarsa. Ɓarawon bango ya tafi kamawa.

Ga yadda abin yake. Benen hawa talatin ne, dogo har tsuntsu sai ya huta sau biyu kafin ya kai kansa. Amma ƙasansa wayam, babu ɗaki babu bango. Ginshiƙai goma sha shida ne kawai suka ɗauke shi, kamar saniya mai ƙafafu da yawa. Mutane suna ratsawa ta ƙarƙashi, suna fakewa in ana ruwa.

Manajan gidan ya ga fili yana zaman banza, ya ce a yi masa sito tsakanin ginshiƙai biyu na kusurwa. Injiniyar da ke kula da benen ta hana. Ta ce nauyin duk abin da ke sama ta ƙafafun nan yake sauka, kada wanda ya taɓa su, filin kuma an bar shi ne don iska ta wuce. Manaja ya ce to. Ya jira ta yi tafiya, ya kira Sha-Siminti.

Shi kuma birkila ne mai shekara arba'in a sana'a, bakinsa ya fi hannunsa sauri. Ya sha cewa bangonsa bai taɓa faɗuwa ba, kuma buhu biyar yake ɗauka a kafaɗa ɗaya yana fito. Don bangon ya kama da kyau, sai ya yi yadda ya saba a ƙananan gidaje: ya sa guduma ya fafe gefen ginshiƙin kusurwa, zurfin tafin hannu, har rodi ya fito, ya yanke guda biyu da suka tare masa hanya. Ya shafe wurin da siminti. Ba wanda ya gani.

Washegari aka tarar da bango a ƙasa. Ba rushewa ya yi ba. Sauke shi aka yi, bulo ɗaya ɗaya, an jera su tsaf, an kankare simintin kamar an lashe. Ya sake ginawa. Aka sake saukewa. Sau uku.

Manaja ya ce, “Malam, in na zo gobe ban ga bango ba, ka kama gabanka. Kuma duk wanda ya tambaye ni zan ce yawu kake kwaɓawa da shi.”

Sha-Siminti ya san wanda yake zargi. Mai gadin benen ƙanin matarsa ne. Shekaru da suka wuce Sha-Siminti ne ya laƙaba masa suna Gyangyaɗi a gaban budurwarsa, sunan ya bi shi har 'ya'yansa. Mutum ai ba ya manta irin wannan.

Ya same shi a kan kujerar roba bakin ƙofa, tocila a cinya.

“Mijin Yaya, me ka manta?”

“Kunyarka na zo nema, ko ta faɗi a nan.” Ya kama hannayensa ya juya, yana duba ƙarƙashin farce ko zai ga siminti. Babu. “Ka wanke, ko?”

“Ni da ko buta ba na ɗagawa sai da dalili? Na gaya maka, in rana ta faɗi ba na leƙa kusurwar can. Da kunnena na ji Injiniya ta ce hanyar iska ce.”

“Iskar da ke busar da wando a igiya take nufi, sakarai.”

“Ita ta ce maka wacce?”

Sha-Siminti ya yi tsaki. Ya yi kamar ya tafi gida, ya zagaya ta baya, ya laɓe bayan buhunan siminti, daidai inda yake hangen bangonsa da kuma ƙeyar Gyangyaɗi. In ba shi ba ne, to ya haɗa baki da wani. Wataƙila ma Injiniya ce ta sa su. Wataƙila Manaja da kansa, don ya ba wani aikin.

Masu wucewa suka ragu. Mace ɗaya da jaka, takalminta ƙwas ƙwas, ta ɓace. Sama da kansa ruwa yana gudu cikin bututu. Lif ya sauko, ya yi ƙara, ya koma. Ƙanshin ɗanyen siminti ya cika masa hanci. Iska tana shigowa ta gabas kamar kullum, tana kaɗa wata leda a ƙasa.

Sai ledar ta kwanta.

Gyangyaɗi bai motsa ba. Kansa ma ya fara aikin da aka san shi da shi.

Ƙyas.

Bulo ɗaya ya tashi daga saman bangon. A hankali. Ya sauko, ya zauna a ƙasa ba ƙara.

Sha-Siminti ya murza ido. Igiya ce, ya ce a ransa. Wani ne a sama da igiya. Ya lallaɓa, yana bin ginshiƙai yana ɓuya, yana lissafa su don kada ya ɓace a duhun. Sha huɗu. Sha biyar. Sha shida, wanda ya fafe.

Sha bakwai.

Ya tsaya. Kwana huɗu yana aiki a nan, a jikin na sha shida yake jingina yana cin abinci. Babu komai a gefensa.

Yanzu akwai. Baƙi, ya fi sauran kauri, ya manne da na kusurwa.

Wani wari ya taso, kamar na doki da ya sha gudu.

Ɗis. Ruwa ya ɗigo masa a goshi. Ya lasa. Gishiri.

Ya miƙa hannu ya taɓa. Da ɗumi. Kuma yana rawa, irin rawar da cinya take yi in kaya ya fi ƙarfin mutum.

“Magini.”

Daga sama muryar ta zo, ƙasa ƙasa, kamar ana jan buhu a kan yashi.

Ya ɗaga kai. Kafaɗa ya gani, faɗinta ya kai ƙofa, ta tokare rufin. Wuya a lanƙwashe. Ido biyu suna kallonsa a karkace.

“Kai ka sare ƙafar gida?”

“Ni… Gyangyaɗi ne,” in ji shi. Ko a nan bakinsa bai tuba ba.

“Ga cokalin a aljihunka.”

Wani dogon hannu ya sauko ta gefensa, ya ɗauke bulo, ya ajiye.

“Hanyata ce nan. Wucewa nake yi na ji ƙafar tana kuka. Akwai jarirai a sama. Na sa kafaɗa.” Numfashi ya fita, mai zafi. “Kwana huɗu. Kullum kuma sai ka gina bango ka tare mini iska. Da me zan yi numfashi?”

Sha-Siminti ya ja da baya. Muryar ta bi shi.

“Na ji ka ce buhu biyar kake ɗauka kana fito.”

“Wasa nake.”

“Karɓe ni kaɗan. In gyara wuya.”

Yatsa ɗaya ya sauka a kafaɗarsa ta hagu.

Ya ji su duka. Gadaje. Tankunan ruwa. Firji yana gurnani a hawa na tara. Yaro yana tsalle a kan katifa. Wata tsohuwa tana jan kujera.

Gwiwarsa ta bugi ƙasa.

Ƙashinsa ya ce ƙas.

Ginshiƙin kusurwa ya zubo da gari, simintin da ya shafa ya ɓalle, rodin da ya yanke ya leƙo.

“Yi fito mana.”

Iska kawai ta fita daga bakinsa.

“Zan faɗa,” ya ce. “Zan kira Injiniya. Yanzu.”

“Zuwa hantsi. Daga nan zan wuce abina.”

Yatsan ya ɗaga. Wani abu ya cafki bel ɗinsa ta baya, ya ja shi a ƙasa kamar buhu. Sai da suka kai hasken titi ya ga Gyangyaɗi ne, idonsa a rufe gam, don ya rantse ba zai kalli kusurwar ba.

A wayar Gyangyaɗi ya kira Injiniya. Shekara arba'in na cika baki, ya zubar da su a minti biyu: guduma, zurfin tafin hannu, rodi biyu. Ta ce a fara buga ƙofofi, kowa ya sauko.

Kafin hantsi an kafa turakun ƙarfe takwas kewaye da ginshiƙin. Da aka ɗaure na ƙarshe, wata iska ta ratsa filin, ta kwashe hulunan ma'aikata, ta fita ta yamma. Injiniya ta daɗe tana haska ramin, tana duba takardunta. Ta ce da Manaja, wanda shi ma ranar ya bar aiki, “Lissafina bai nuna mini abin da ya riƙe wannan kwana huɗu ba.”

Ba a sake ba Sha-Siminti aikin bene ba. Katanga yake yi yanzu da dakali, kuma kowane bango sai ya bar ramin bulo ɗaya a sama, ko mai gida ya so ko bai so ba. Kafaɗarsa ta hagu ta sauka, tela sai ya rage masa hannun riga ɗaya.

In an tambaye shi, sai ya ce bene mai hawa talatin ya taɓa ɗauka. Mutane su fashe da dariya, su ce tsoho ya ƙara kaya a kan buhu biyar. Gaskiya ɗaya da ya taɓa faɗa a rayuwarsa, ita ce ba mai saye.

Gyangyaɗi kaɗai ba ya dariya. Shi dai ya rama abinsa. Duk unguwa yanzu, har jikokin mutumin, Hawa Talatin suke kiransa.