Wuri a Tabarmar Makoki

"Ba inda za ki, Lai'atu! Na ce ba inda za ki!"

Mama Asibi ta tare ƙofa da hannu biyu. Lai'atu ta tsaya gaban uwarta, idanu sun kumbura suntum.

"Mama, Silvanus ne fa... Silvanus!"

"Na sani! To an ɗaura auren ne? Sanarwa kawai Pasto ya yi a coci. In kin zauna a tabarman makoki, kin zama gwauruwa ke nan. Wa zai aure ki kuma?"

A ƙauyensu na bayan Kafanchan, shekarar da naira ta fito, saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa surukai noma. Silvanus malamin firamare ne, hannunsa bai san komai ba sai alli, amma ya saɓa garma ya shiga gonar cittar baban Lai'atu yana dariya, wai saboda ita ko dutse zai nome. A can kububuwa ta sare shi. Kafin a samo motar asibiti rai ya yi halinsa.

Sai ga ta ita ba matarsa ba, ita ba bare ba. Kowa na tafiya gidan su Silvanus gaisuwa, ba wanda ya tuna ya ce mata sannu. Wannan ya fi komai cin ranta.

Ta durƙusa. "Ki yafe mini, Mama. In ban yi kukansa a gidansu ba, kukan nan zai kashe ni."

Ta sunkuya ƙarƙashin hannun uwarta ta fice.

Matan zumunta na coci suna cikin waƙa ta shiga gidan makokin. Waƙar ta mutu. Wata ta ce a hankali, amma yadda za a ji, "A gonan su ne fa ya mutu."

Mama Magdalene, uwar Silvanus, ta ɗago daga tabarma.

"Me ya kawo ki?"

"Mama... ban san inda zan kai kukan nan ba."

Tsohuwar ta dube ta.

"Kowa na gaya mini ya tafi wurin Ubangiji. Ba wanda ya gaya mini yadda ya tafi. Kina wurin?"

"Na kai masa kunu. A cinyata ya cika."

"Ya... ya kira ni?"

Muryar Lai'atu ta karye. "Ya kira ki, Mama. Ya ce a gaya miki kada ki jira shi da tuwo, zai yi latti."

Magdalene ta dafe ƙirji ta kurma ihu, don tuwon nan yana ɗaki a rufe, ta kasa zubarwa. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Sannan ta ja jiki gefe, ta buga tabarmar da tafin hannu.

"Ku matsa mata. Zo ki zauna, matan ɗana."