Bidiyon da Aka Kai wa Hajiya

"Wa kike bauta wa a nan?"

Hajiya, mahaifiyar Injiniya, ta cilla wayar kan cinyar Malama. Ga ta nan a bidiyo, zaune kan shimfiɗar roba a ofishin malamai, ido rufe, tafukan hannu haɗe a ƙirji.

Gaban Malama ya faɗi. Saura wata biyu a ɗaura mata aure da Injiniya! Ko ba a faɗa ba aikin Gimbiya ne, 'yar ƙanwar Hajiya da ke koyarwa tare da Malama, wadda ta gaji da yi wa Injiniya kwalliya ko kallo bai yi ba.

"Wallahi Hajiya yoga ce... miƙe jiki ne da numfashi."

"Rufe min baki! Ɗana ba zai auri..."

"Mama, don Allah," in ji Injiniya daga bakin ƙofa.

"Kai kuma fita daga idona in rufe!"

Sai maganar ta sarƙe. Hajiya ta dafe ƙirji, ta zube a kujera tana haki. Injiniya ya ruga ɗauko maganin hawan jininta har yana tuntuɓe.

Malama ta durƙusa ta kama hannunta.

"Kalle ni, Hajiya. Ja numfashi ta hanci... Sake shi a hankali, kar ki yi sauri. Sauke kafaɗa."

Hajiya ba a ba ta umarni, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Ta ja, ta saki. Kafin ɗanta ya dawo hakin ya lafa.

"Me kika yi min?"

"Abin da ke cikin bidiyon ne. Yara saba'in nake fama da su, kullum ciwon kai da faɗuwar gaba. Likita ya ce jijiyoyina ne suka saba zama kamar wadda kare ya biyo. Wannan numfashin ke lallashinsu. Amma fa kar ki bar maganinki."

Kunya ta rufe Hajiya.

"Na ci mutuncinki, ke kuma kika riƙe ni."

"Masoyiyata, na gode," in ji Injiniya.

"A gabana, mara kunya?" Hajiya ta harare shi, amma ba ta saki hannun Malama ba. "Gobe ki zo ki koya min sauran. Kuma na gaji da jin Hajiyar nan, ni ba baƙuwarki ba ce."

Daɗi ya cika Malama har hawaye suka zubo, ta yi wa Allah godiya a ranta.

"To... Mama."