Ɗigon Jan Fenti

Ranar da makaniken ya fara ganinta, tsohon babur ɗin babanta take turowa cikin gareji, tana haki tana hararar kowa.

"Wai kulochi ne," ta ce. "Babur ɗin ya girme ni, ka yi masa ladabi."

Makaniken ya tashi injin, ya matsa hannun kulochi, ya kasa kunne. Wayar ya sassauta kaɗan, ya ɗiga jan fenti a kan notin, yadda yake yi wa duk abin da ya saita.

"Kada kowa ya ƙara ɗaure wayar nan, Gimbiya. Boris ɗin ciki, wanda kulochin ke juyawa a kai, ya cinye, ba ki ji yana kuka ba? Sai na samo sabo."

"Wa ya ce maka sunana Gimbiya?"

Boris bai samu da wuri ba, amma soyayya ta samu. Kullum sai saƙonta ya shigo: "Injiniyana, ka ci abinci ko man inji ka sha?" Shi kuwa ya amsa: "Ganinki nake jira, sauran duk sauƙi ne."

Yayanta ba ya ƙaunar zancen, don abokinsa yake yi wa kamunta. Mutum ne mai zafin kai, komai sai ya ɗaure shi tamau. Ya ɗauki babur ɗin, a kwanar kasuwa kulochi ya ƙi kamawa, ya daki katanga, hannunsa na dama ya karye.

Washegari ya zo garejin da ɗauri a hannu, abokin na biye da sarƙar babur.

"Kashe ni ka so yi don ka samu ƙanwata?"

Kafin makaniken ya buɗe baki sarƙa ta sauka a bayansa. Suka kayar da shi cikin baƙin mai, suna shuri. Abokin ya taka masa hannun hagu har yatsu suka yi ƙara. Zafin bai kai tsoron da ya kama shi ba, don ya san saboda hatsarin babanta ya riga ya rantse ba zai ba shi ita ba.

Yana kwance a asibiti saƙonta ya zo: "Kar ka ce komai. Na ga fentinka."

Ita ta janyo Baba gaban babur ɗin, tana kuka tana nuna notin. Rabin ɗigon na sama, rabin ya juya ƙasa, alamar wani ya ƙara murza notin. Baba ya matsa hannun kulochi, ya ji shi kamar dutse. Ya juya ga yayanta.

"Kai ka ɗaure wayar nan?"

"Baba, lako-lako take, shi ne na..."

Marin da ya sha, har maƙwabta sun ji.

Baba da kansa ya je asibiti, ya daɗe yana kallon yatsun. "Ɗana, ka yafe mana. Ka turo manyanka."

Ana saura kwanaki ɗaurin aure boris ya iso. Ango ba hannun hagu, yayan amarya ba na dama. Ango ya riƙe, yayan ya murza sifana.

"Ya isa haka, Yaya," in ji ango.

"Ai bai ɗauru ba."

"Na ce ya isa."

Yayan ya sake, ya miƙa masa gwangwanin fenti da kansa.

Ranar biki yatsu sun ɗan warware, a kan babur ɗin ango ya ɗauko amaryarsa, Baba na bayansu yana cewa Allah ya ba da zaman lafiya. Ta riƙe shi gam, ta raɗa masa: "Ni dai ba mai sassauta ni, Injiniya."