Taimama a Bangon Italiya

Tun da Saifuddeen ya dawo Jidda daga yawon ƙarshen mako a Italiya, matarsa Zakiyya ta daina cin abinci kwano ɗaya da shi.

Ta toshe hanci ta ce, "Wallahi, Baban Hadi, hannunka wari yake kamar mushe ya kwana a kwata."

Ya wanke da sabulu, ya goga lemun tsami, ya kara a turaren wuta, duk a banza.

Shi ya san inda ya kai hannun. Wani tsohon gari ne a kan dutse, lungunansa duk hawa ne. La'asar ta riske shi bayan wata majami'a, babu ruwa kusa, sai ya buga tafukansa a bango ya yi taimama. Bangon da ɗumi, har ya ɗan lotsa. Duk da haka ya shafa a fuska.

Ran nan bayan isha'i yana hawa benensu a unguwar Aziziyya, sai warin ya tarye shi. Wata tsohuwar Baturiya ce zaune kan matakala cikin tsumma, ƙudaje na bin gefen bakinta.

Ya ce, "Yalla, Iya, matsa in wuce."

Ta ɗago kai. A kumatunta masu zagwanyewa shatin tafuka biyu ne ya nutse, har da karkataccen ɗan yatsansa da ya karye tun yana yaro.

Sai ta buɗe tafukanta, ta nufo fuskarsa.