Ranar da Auta Ta Ɗaure Ƙirjinta

Auta na zaune a bakin gado tana shayar da jaririyarta, mahaifiyarta ta ɗaga labule ta shigo da kofin shayi a hannu. Kwananta uku ke nan a gidan, ta zo ganin jika. Ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki, kuma ba jikar take kallo ba, ƙirjin 'yarta ta zuba wa ido.

"Subhanallahi! Auta, haka kika koma?"

Auta ta ja mayafi ta rufe jikinta. "Me na yi, Umma?"

"Me kika yi? Haihuwar fari, wata huɗu kacal, har sun fara kwanciya! In kika kai shekara a haka, silifas za ki kwasa."

Auta ta yi 'yar dariyar yaƙe. "Kai Umma, ai kowace mace haka take yi."

"Kowace mace da ba ta da uwa a kusa, ba." Umma ta ajiye kofin, ta zauna kusa da ita, ta rage murya. "Ki saurare ni. Namiji da ido yake so. Yau yana miki dariya, gobe zai dube ki ya kau da kai, ba kuma zai faɗa miki dalili ba. Ki yaye yarinyar nan, ga madarar gwangwani nan fal a kanti. Mu ɗaure ƙirjin ruwan ya ƙafe, in samo miki man shafawa mai ɗaga su."

"Yaya ba haka yake ba, Umma."

"Duk haka muka ce."

Yayan da take nufi mijinta ne, wanda kowa a layin yake kira Kafinta. Sun haɗu ne ranar da ya zo gyara kantar katako a shagon sayar da zare inda take aiki. Aikin awa biyu ne, ya kwashe kwana uku yana dawowa, wai ƙusa ɗaya ba ta zauna masa daidai ba. Shekara biyu ya yi yana jiranta har aka ɗaura. Tun cikin yana wata shida ya ƙera gadon jariri, ya goge kowane gefe sumul don kada katako ya karci 'yarsa. Shi ya laƙaba wa yarinyar suna Duma, saboda kumatunta duma-duma.

Auta ta san duk wannan. Amma maganar uwa ba ta faɗuwa ƙasa. Umma ita kaɗai ta raine su su biyar bayan mahaifinsu ya sake ta ya bar gari, kuma ba ta taɓa faɗa musu dalili ba. Da yamma, da Auta ta fito daga wanka, ta tsaya gaban madubi ta dubi kanta da idon da ba ta taɓa duban kanta da shi ba. Gaskiya ne, ba kamar da ba. Ga kuma layi-layi a fatar. Sai ta tuna jiya da tana canja riga, Kafinta ya juya ya fita. Da can cewa za ta yi sauri yake ya buɗe shago. Yanzu zuciyarta ta ba ta wata fassarar.

Washegari, bayan ya fita, ta ce, "Umma, na yarda."

Umma ta yaga tsohon zane gida biyu. Ta naɗa mata shi a ƙirji, ta ja, ta ƙara ja, har numfashin Auta ya sarƙe.

"Wayyo Umma, zafi!"

"Daure. Kwana kaɗan ne."

Da Kafinta ya dawo, kansa duk garin katako, ya tarar da Duma na tsala ihu, Umma na ƙoƙarin cusa mata fidar madara a baki.

"Lafiya? Me ya same ta?"

Auta ta sunkuyar da kai. Tunda suke ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, sai ranar. "Ruwan nonon ne ya ɗauke, Yaya."

"Ya ɗauke? Haka kawai? To mu je asibiti mana."

"Ba sai an je ba," Umma ta tare. "Yana faruwa. Ni na san kan abin."

Ba ya iya ja da surukarsa. Ya ce, "To Umma, yadda kuka gani." Ya ɗauki 'yar ya sa a kafaɗa yana zagaya tsakar gida da ita har ta gaji da kuka ta yi barci.

Kwanakin da suka biyo baya Auta ba za ta manta da su ba. Duk lokacin da Duma ta yi kuka, sai ruwan ya kawo, ya jiƙa zanen, ƙirjin ya yi tauri kamar dutse. Yarinyar na juyo da kai tana laluben rigarta da baki, ita kuma tana miƙa wa Umma ita, ta shige banɗaki ta kunna famfo don kada a ji kukanta. Man da Umma ta samo yana da wari mai hawa kai, in ta shafa sai fatar ta riƙa raɗaɗi. Ƙarƙashin ɗaurin gumi ya taru, wurin ya yi ja ya fara saɓulewa. Ta koma sa manyan riguna. In Kafinta ya matso kusa da ita, sai ta zame.

Ranar kwana na biyar ya tsare ta a kicin. "Auta, na yi miki wani laifi ne?"

"A'a."

"To me ya sa kike guduna? In wani abu na faɗa, ki ce mini, in ba ki haƙuri. Don Allah."

"Gajiya ce kawai, Yaya."

Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita jiki a sanyaye. Umma da ke wanke fida a bakin famfo ta ce, "Kin gani? Har ya fara shiga taitayinsa." Auta ba ta ga haka ba. Mutum ta gani da aka rufe masa ƙofa bai san laifinsa ba.

Duma kuwa madarar ba ta karɓe ta ba. Ta fara gudawa, tana amai. Kumatun nan suka zube, idanunta suka faɗa, kukan ma ya koma can ƙasa-ƙasa. Umma ta ce haƙori ne.

A kwana na tara, da tsakar rana, Kafinta ya dawo ɗaukar zarton da ya manta. Umma ta fita sayen wani man. Ya yi sallama, shiru. Ya shiga ɗaki ya sami Auta ƙudundune cikin bargo, haƙoranta na haɗuwa, Duma na kwance a gefenta ko motsin kirki ba ta yi.

"Inna lillahi! Auta!"

Ya taɓa goshinta, zafi kamar garwashi. Ya ɗago ta, hannunsa ya gogi ƙirjinta, ta ƙwala ƙara. Nan ya ji tudun abu a ƙarƙashin rigar. Ya ɗaga, ya ga zanen da aka naɗe, ya jiƙe sharkaf, ya nutse cikin fata.

"Mene ne wannan? Auta, mene ne wannan!"

Ta fashe da kuka. Da almakashi ya yanke ɗaurin. Nonon hagu ya kumbura ya yi jawur, yana sheƙi. Bai ƙara tambaya ba. Ya fita a guje ya taro mota, ya sungumi uwar, maƙwabciyarsu ta rungumo 'yar.

A asibiti aka sa wa Duma ƙarin ruwa, aka wuce da Auta wani ɗaki. Likitar mace ce, dattijuwa mai farin gilashi. Ta ce ruwan da aka danne ne ya taru, ƙwayar cuta ta shiga, har ya fara ƙurji. Aka zuƙe mugunyar da allura, aka rubuta mata magani. Wajen la'asar zazzaɓin ya sauka. Lokacin ne Umma ta iso, mayafi a karkace, da kwalbar man a jakarta.

Likita ta ja kujera ta zauna. "Wa ya ce ki ɗaure?"

Auta ta dubi mahaifiyarta. Can Umma ta ce, "Ni ce. Don kada su zube."

Kafinta ya ɗago kai da sauri, ya dubi matarsa. Auta ta rufe fuska da tafin hannu.

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Mama, ba ku kaɗai ba ne, kusan kullum sai na ga irin wannan. Bari in faɗa muku. Nono ba shi da tsokar da za ta riƙe shi, fata ce da wasu siraran zaruruwa a ciki suke ɗauke da shi. Tun mace na da ciki yake cika ya yi nauyi, zaruruwan su miƙe. Ko ta shayar ko ba ta shayar ba, wannan ya riga ya faru. Shekaru ma na kawo shi, da yawan haihuwa, da ƙiba a rame a sake ƙiba, da shan taba, wani kuma gado ne. Ba shayarwa ce mai laifin ba."

"To man fa?" Umma ta tambaya a hankali.

"Babu man da ke mayar da shi. Wanda kuka shafa ma ƙona mata fata ya yi. Kuma zubewar nono ba ciwo ba ce, ba ta kashe kowa. Iyakarta, mai babban ƙirji takan yi ciwon baya ko kafaɗa, wata gumi ya taru a ƙarƙashi ya zama ƙaiƙayi. Maganin wannan bireziya daidai jiki, da wankewa, da tsane wurin. Abin da nake so ku ji tsoro daban ne: ƙullutu a ciki, ko guda ɗaya ya canja kama shi kaɗai, ko jini ya fito. Wannan kada a kwana da shi a gida." Ta juya ga Auta. "Ke kuma yau za ki mayar da 'yarki kan nono. Da sauran ruwa, in tana tsotsa zai dawo. Shi ne maganinku ku biyun. Da kun ƙara kwana biyu, ban san me zan ce muku game da yarinyar nan ba."

Da likita ta fita, Kafinta ya durƙusa a bakin gadon.

"Auta, ni ne dalili? Saboda ni kika yi wannan?"

"Na ji tsoro, Yaya. Na ga jikina ya canja, na ce za ka daina sona. Ka yafe mini ƙaryar da na yi maka."

"Yaushe na ce miki haka? Wace rana? Ni da na tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa ina roƙon Allah Ya bar mini ke ko da a wace kama ce! Ki dube ni, gashin kaina ya fara tafiya tun ban kai talatin da biyar ba, kin guje ni? Jikin nan da kike jin kunyarsa, 'yata ya ɗauka, 'yata yake ciyarwa. In na raina shi, ai ni ne abin raini."

Sannan ya juya ga surukarsa, kansa a ƙasa. "Umma, ku gafarce ni, ba rashin kunya zan yi muku ba. Amma da kun kira ni kun tambaye ni."

Umma ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. Auta ba ta taɓa ganin hawayen mahaifiyarta ba sai ranar.

"Ɗan nan, ba kai na gani ba, ubanta na gani. Bayan na haifi Auta, wata rana ya dube ni ina sa riga, ya ce na gama yayi. Kalmar nan har yau tana kunnena. Sai na yaye ta tana wata biyar, na ɗaure ƙirjina kamar yadda na ɗaure mata. Ta yi ta ciwo, har muka fid da rai."

"Sai ya zauna, Umma?" Auta ta tambaya cikin kuka.

Umma ta girgiza kai. "Ko shekara bai ƙara ba." Ta maimaita maganar a hankali, kamar yau ta fara jin ta da kunnenta. "Shekara ashirin da shida ina cewa jikina ne ya kore shi. Ashe mai tafiya ne dama. Kuma na zo zan kashe jikata a kan laifin mutumin da ba ya nan."

Kafinta ya ce, "Ku tashi, Umma, don Allah. Tsoro ne ya sa ku, ba ƙiyayya ba. Mun sani."

Nas ta shigo rungume da Duma, da allurar ƙarin ruwa manne a bayan hannunta. Ta ɗora ta a jikin uwar. Yarinyar ta juya kai, ta laluba, ta saki, ta sake laluba. Auta ta cije leɓe don zafi. Can sai Duma ta kama, suka ji tana haɗiya. Umma ce ta tashi ta gyara wa 'yarta filo a bayanta, ta tallafo kan jikar da tafin hannunta.

Kwana huɗu suka yi aka sallame su. Ruwan bai dawo gaba ɗaya a rana guda ba, sai da aka yi makonni ana haɗawa da madara yadda likita ta tsara, Kafinta na tafasa fida da kansa kafin ya fita shago. Auta ta shayar da Duma har ta kusa shekara biyu, ta kuma haifi wasu biyu bayanta. Jikinta bai koma na budurci ba, kuma ba ta sake ɓoye shi ga mijinta ba.

'Yan'uwa mata, jikin da ya ɗauki ciki ya haihu dole ya canja, kuma wannan ba aibi ba ne, ba cuta ba ce. Kada tsoron abin da miji bai faɗa ba ya sa ki cutar da kanki da jaririnki. Ki tambaye shi, ki tambayi likita. Maza, ku kula da harshenku, kalma ɗaya ta raini takan zauna a zuciyar mace har ta kai ga jikokinta. Iyaye kuma, ciwon da wani ya ji muku, kada ku ɗora shi a gidan 'ya'yanku da sunan ƙauna.