Furen da Ya Faɗo Hagu

A matakalar haikalin Bhagwati, bakin tafkin Dhamapur, Mangesh ya fara ganin Ketaki. Shi ya kawo masu ziyara a adaidaitarsa, ita ta zo da kwakwar hadaya. Kwakwar ta kuɓuce ta gangara cikin ruwa, ya shiga har gwiwa ya ɗauko mata.

"Ɗan masunta ne kai, ko?" ta tambaya.

"A ina kika gane?"

"Ko wando ba ka naɗe ba."

Kafin mangwaro ya nuna, ta koma 'Yar Kwakwa a wayarsa, shi kuma Direbana.

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarta Sulochana ta ce ba da ita ba. Su masu gonar mangwaro ne kaka da kakanni, ga wani ma'aikacin banki a Mumbai har ya aiko da hoto. Da Ketaki ta daina cin abinci, sai uwar ta ce a kai magana gaban allahiya. Mai hidimar haikali zai manna jiƙaƙƙun furanni a dama da hagu na gunkin. In na dama ya fara faɗowa an yarda, in na hagu ne an ƙi.

Don ya gani da idonsa, adaidaitar Mangesh uwar ta ɗauka haya.

A Dhamapur na dama ya faɗo. Sulochana ta ce ai furen bai jiƙu sosai ba. Ranar Talata ta sa ya kai ta wani haikali a Malvan, nan ma dama. Ta ce ta ga iska na shigowa ta taga. Wanda bai so rawa ba, ko ganga ma laifi gare ta.

Saƙon Ketaki ya shigo: "Direbana, kai ne mai kai ta neman a raba mu? Ko ka gaji da ni ne? Ka faɗa min kawai."

Ya amsa: "'Yar Kwakwa, in na ƙi, bas za ta hau, ga gwiwarta na ciwo. Ki ci abinci don ni."



Daga nan sai Kunkeshwar, inda teku ke dukan katangar haikali. Aka manna furanni, aka jira, na hagu ya faɗo.

Mangesh ya haɗa tafukansa ya sunkuya. Ya fita ya ajiye wa uwar takalmanta a bakin ƙofa, ya gangara rairayi ya tsaya yana fuskantar ruwa. Sulochana ta sami abin da ta sha yawon nema, amma daɗin bai zo ba. Ta bi shi tana ɗingishi.

"Kai, ba za ka ce a sake ba?"

"An tambaya, an amsa, Maushi," ya ce, yana kiranta inna kamar kullum. "Zan gaya wa Ketaki da kaina. Ke dai kar ki yi mata faɗa in ta yi kuka."

Ta dube shi sama da ƙasa. Kunya ta kama ta, ita kuwa kunya faɗa take sa ta.

"Dubi sakarai! Haka za ka riƙe min 'ya, fure ɗaya ya faɗo ka saki? Wa ya ce maka Kunkeshwar ke da iko da 'yar Dhamapur? Amsar farko ita ce amsa, ko yaro ya sani!"

"To me ya kawo mu nan, Maushi?"

"Shan iska. Tada keken, kuma kar ka ƙara ce min Maushi. Ayi za ka ce, yadda 'yata ke kirana."

Bayan damina aka ɗaura auren a bakin tafkin. Dangin ango suka zo da kifi kwando-kwando, aka tsayar da shi nesa sai washegari, don ba a kusantar haikali da kifi. Ketaki ta ci abinci har ta nemi ƙari.

Da ma'auratan suka durƙusa suka taɓa ƙafafunta, Sulochana ta watsa musu shinkafa, idonta cike da hawaye.

"Ku tsufa tare," ta ce. "Kai kuma, ko wa ya ce ka sake ta, ko ni ce, kar ka ji."